Kantocin Kwalekwale a Shagon Baba

Wata Laraba ce da hantsi, a daminar da nake aji biyar, malaminmu ya jero mu daga makaranta zuwa shagon littattafan Baba a Gashuwa don mu zaɓi littattafan karatu. Tun daga kwanar kasuwa na koma ƙarshen layi.

Baba ne ya haɗa komai na shagon da hannunsa. Kantocin daga katakon wani tsohon kwalekwale ya yi su, wanda abokinsa masunci ya ba shi bayan ya daina shiga ruwa. Silin kuwa buhunan gero ne da Inna ta farke ta ɗinke, alƙaluma suna cikin gwangwanayen tumatir, masu duba littafi su zauna a kan tsofaffin tayoyin mota da aka cusa wa tsumma. Kullum bayan la'asar sai na goge kantocin kafin a bar ni in tafi langa. Baba yakan shafa su ya ce, "Wannan katakon ya sha ruwan kogi, gara ba ta iya masa."

Muna shiga, wani ɗan ajinmu ya toshe hanci ya ce wurin ƙarnin kifi yake. Yara suka kwashe da dariya. Ya waiwayo ya tambaye ni ko ba shagonmu ba ne. Na ce a'a, mu ba ma zama a bola. Baba yana bayan kanta yana ɗaure littattafai da igiya. Bai ɗago ba.

Bai taɓa yi mini faɗa a kai ba. Bayan mako biyu ya sayo katakon filawud daga Nguru, ya kira kafinta. Aka zube tsofaffin katakon a tsakar gida, Inna ta miƙo mini gatari, ni na faskara su, aka yi ta tuwo da su har kaka. Ranar da aka gama aikin, abin da Baba ya ce mini kawai shi ne, "Yanzu kana iya kawo abokanka." Filawud ɗin bai kai damina uku ba gara ta cinye shi, har da littattafai.

Yau a birni ina ganin shagunan da ake ƙawatawa da tsohon katako da gwangwani, mutane suna ɗaukar hoto suna yaba basira. Baba ya rasu ina jami'a. Ban taɓa ba shi haƙuri ba.