Tukunyar Gwaggo Mas'uda ba ta dawowa wayam

Duk wanda ya yi biki a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi ya ce bai san Gwaggo Mas'uda ba, wallahi ƙarya yake, ko kuma baƙinsa da yunwa suka koma gida. 'Yar guntuwar mace ce, ga murya kamar a lasifika. Yayar babana ce, a gidanta na tashi, don haka kada wani ya ce mini ba haka aka yi ba.

Sana'arta dafa abincin biki. Tukwane bakwai gare ta, manya. Babbarsu, wadda ke cinye buhun shinkafa ba ta ƙoshi ba, sunanta Ruƙayya. Sunan ƙanwar Gwaggo ne da ciwon daji ya kashe. Shekara biyu ana ɓoye ciwon a ɗaki, ana cewa jifa ne, ana ta turare, har nonon ya fashe. Ranar sadakar arba'in Gwaggo ta miƙe tsakiyar mata ta ce, "Daga yau tukwanena na masu wannan ciwo ne. Wadda ta ji ƙullutu ta zo ta nuna mini, ba kunya."

Haka ƙungiyar ta fara. Ba ofis, ba hatimi. Mata goma sha tara ne, har da Kiristoci uku daga unguwar Miskin.

Ku ji yadda kuɗi ke shigowa, don nan daɗin yake. Gwaggo ba ta yanka wa tukunya farashi. Ka zo ka ɗauka, ka yi bikinka. Amma a unguwarmu ko kwanon miya aka aiko maka, ba ka mayar da shi wayam, balle tukunya. To ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a kife kowace tukunya, Gwaggo ta faɗi abin da ya fito da sunan gidan da ya aiko, da wannan muryar tata.

"Gidan Malam Dabo mai ƙusa, jaka goma da shinkafa mudu biyar, Allah ya ƙara buɗi! Gidan Alhaji Nasidi mai shago uku a kasuwa, sabulu biyu!"

Sai ta ɗaga sabulun sama ta juya shi, kowa ya gani. Alhaji Nasidi bai sake ba. Da aka yi sunan jikansa, sai da mutum biyu suka kama tukunyar.

Abin da ya taru kashi uku ake yi. Abinci a kai gidajen marasa lafiya, kuɗi a sayi maganin rage zafi, sauran a zuba a gwangwanin madara na kuɗin tafiya. Don a Bangi likita zai duba ka ne ya ba ka takarda, aikin gaske sai Kamaru. Direbobin da ke kawo kaya kasuwa su ke ɗaukar mana marasa lafiya in za su koma.

Shekarar da soja suka yi ta tawaye, sau uku a shekara ɗaya kamar masu zazzaɓi, biki ya ɗauke. Wa zai ɗaura aure ana harbi? A lokacin ne Hureira mai makala, wadda ke soya fanken nan a bakin kasuwa, ta zo ta ɗaga riga ta nuna wa Gwaggo. Likita ya ba ta takarda, ya ce ta isa Yawunde kafin kwana goma, in ta wuce haka shi ba ruwansa. 'Ya'yanta huɗu, mijin ya rasu.

Gwangwani ya isa kuɗin asibiti, da ƙyar. Mota ce matsala. Ɗantsoho direba ya ce zai kai ta kyauta, amma tankinsa ya bushe, gidajen mai duk a rufe.

"Hajiya, ki samo mini gazwal, dizal ɗin nan, da zai kai ni garin Bosembele, can akwai mai. Kuɗin 'yan bumburutu kuwa, ko motar na sayar ba zan iya ba."

"Kai dai ka wanke motarka," in ji Gwaggo.

Abin da take taƙama da shi, Ruƙayya tana Miskin. Wani gida sun yi ƙarfin hali sun ɗaura aure sati biyu da suka wuce, tukunyar ba ta dawo ba. Gwaggo ta ce abin da za su sako ciki shi zai sayi mai. Da hantsi muka ɗauki pus, amalanken nan na turawa, ni da ita muka kama hanya.

Ba mu kai gidan ba. A mararraba muka tarar da shingen soja, tsofaffin tayoyi da benci. Kada ku tambaye ni ko 'yan tawaye ne ko na gwamnati, kakinsu iri ɗaya ne. Gefen shingen kuwa, kan duwatsu uku, ga Ruƙayya zaune tana tafasa da ganyen rogo. Ashe ran bikin harbi ya tashi, mutane suka watse, soja suka ɗauke ta da shinkafarta.

Na ce, "Gwaggo, mu juya."

Ta ce, "Rufe mini baki, Jamila, matsoraciyar banza."

Ta taka har gaban babbansu, wani dogo mai jan ido. Yaren Sango na mutanen ƙasar a bakin Gwaggo, shekara arba'in a garin nan, har yau kamar tana tauna tsakuwa. Ta gaishe shi, ta nuna tukunya ta ce tata ce. Ya ce ya sani, akwai jan fenti a kunnenta, an taɓa kai ta bikin ƙanwarsa a Miskin.

"Mama, ɗauki kayanki. Ku juye mata."

Suka juye miyar a bokitai, har wani ya ɗauraye tukunyar, suka ɗora mana a pus. Ni na riga na kama hannun pus ina godiya ga Allah. Gwaggo ta leƙa ciki. Ta ɗago.

"Wayam?"

Ta ce in fassara masa da kyau, kada in rage komai. Na fassara, na rage rabi. Ta gane, ta dungure mini kai gaban soja.

"Faɗa masa sati biyu suna ci a cikinta. Faɗa masa ran Juma'a zan kife ta a ƙofar gida in ce, shingen soja na hanyar Miskin, babu ko sabulu. Uwarsa ma za ta ji."

Yaransa suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce wa babban nasu, "Shef, za ta yi fa. Na taɓa ji da kunnena."

Dogon ya juye aljihunsa waje. Ya ce wata nawa ba a biya su ba, da suna da kuɗi me zai zaunar da su a rana? Gwaggo ta ce ita ba ta ce kuɗi ba, ko gishiri ne a saka. Sannan ta gaya masa zancen Hureira da takardar likita da motar da ba mai. Ya san Hureira, ya ce makalarta ya ci har ya girma.

Akwai wata motarsu a gefe, taya biyu a fashe. Ya ce mu je inuwa mu zauna. Muna can Gwaggo na ba ni labarin yadda za ta ja kunnena a gida, ba mu ga abin da suke yi ba. Da aka kira mu, sai ga Ruƙayya cike har wuya da gazwal. Sun zuƙo da tiyo. Ba su da jarka, kuma an ce musu a cikin tukunya ake sakawa, to sun saka.

Duk macen da ta taɓa girki ta san tukunyar da ta sha gazwal ta gama aiki. Gwaggo ta tsaya tana kallonta. Na ga za ta buɗe baki, na ce yau za a harbe mu. Sai ta tambayi dogon ko man na sata ne. Ya ce na motarsu ne, motar kuma ba inda za ta. Ta shafa kunnen tukunyar ta ce, "Ruƙayya, ke ba ki samu zuwa Kamaru ba. To kai wata."

Muka rufe da murfi, muka ɗaure da ɗankwalina. Turo ta gida shi ne azaba. Kowane rami sai ta fantsala mini, Gwaggo na bayana tana ihu, "A hankali, 'yar nema, ran mutum kike zubarwa!" Mutanen kasuwa suka biyo mu suna tambaya wace irin miya ce wannan.

Ɗantsoho ya leƙa ya ce, "Hajiya, shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa shan mai da ludayi ba." Da ludayin miya da mazurari aka ɗura. Washegari da safe Hureira ta hau gaba, da takardarta a ƙulle cikin zani.

Wata uku ta yi. Ta dawo nono ɗaya, ta rame, bakin nan dai yana nan. Tana cewa nauyi aka rage mata, yanzu ta fi kowa saurin juya makala.

Ruƙayya kuwa mun wanke ta da toka, da lemun tsami, da omo, har da yashi. Aka gwada dafa shinkafa, ko awakin Alhaji Nasidi sun ƙi ci. Gwaggo ta sa aka huda murfin, aka sa kwaɗo, aka girke ta kusa da kaskon Hureira a bakin kasuwa. Wanda ya sayi makala ya jefa canjinsa. Ran Juma'ar da aka fara buɗe ta, ta fi sauran shidan kawowa.

Ita kuwa waccan Juma'ar ta tafiyar Hureira, Gwaggo ta cika alkawari. Ta kife tukunyar a tabarma, wari ya tashi, mata suka toshe hanci, ta buɗe murya:

"Shingen soja na hanyar Miskin, gazwal tukunya guda! Allah ya sa a biya su albashi su koma gida!"

Har Kiristocinmu suka ce amin.