Fitilar da ta riga Baba

Ni ce ƴarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini, a gaban kowa. Wannan kira ya ɓata ni, na yarda. Na tashi ina jin ina da ikon yi masa faɗa, na kuwa yi ta yi har ya tsufa, shi kuma sai dai ya yi murmushi ya ce uwarsa ta yi magana.

Bayan rasuwar Inna ya rage shi kaɗai a gidanmu na cikin Birni, a Zinder. Ƙanena yana aiki a Agadas, ni ina koyar da fizik a wani lise, makarantar sakandare, a Yamai. Babu irin roƙon da ba mu yi ba ya dawo wajen ɗayanmu. Ya ce shi baduku ne ɗan baduku, a zauren nan ya koyi riƙon basilla, kuma ba ya barin gidan ubansa ya je ya zauna yana kallon bangon siminti. Abinci daga gidan amininsa yake zuwa, tsohon tela da ke tsallaken lungu, wanda muke kira Baffa. Matar Baffa takan kai masa da rana, ta sake kai na dare bayan la'asar. Daga nan kuma sai safe. Gwiwoyinsa sun hana shi zuwa masallaci da magariba, a zaune yake sallarsa cikin gida. Abin da ke cin raina kullum ɗaya ne: kada ya faɗi cikin gidan nan babu wanda ya sani.

Akwai wata fitila a saman ƙofar zaure, ta waje, ampul, wato ƙwan lantarki, ɗaya tak da ke haska lungun. Makunninta yana cikin zaure. Kullum rana ta faɗi sai Baba ya tashi daga tabarmarsa, ya ratsa tsakar gida da sanda, ya hau dakalin shiga zauren guda biyu, ya kunna ta. Wata rana ƙafarsa ta kuskure dakalin ya fasa goshi. Bai gaya mini ba. A bakin matar Baffa na ji, bayan mako guda, har an warware ɗinki.

Ranar na yi ta masifa a waya har muryata ta dushe. Na ce haba Baba, saboda ampul? Lungun nan ya kwana cikin duhu mana, wa zai mutu? Ya ce, "Uwata, fitilar nan sai na kunna ta." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Da bakans ta zo, aka ba da hutun makaranta, na shiga kar, babbar motar haya, na taho gida da wani ɗan akwati a jakata, bai fi akwatin ashana ba. Wani abokin aikina ne ya nuna mini shi. Ana saka shi tsakanin kuran, wato wutar lantarki, da fitila, yana magana da salula ta hanyar wifi, kana Yamai ka taɓa allon wayarka fitila ta kama a Zinder. Na haɗa da ƙaramin akwatin wifi mai cin pus irin na salula, na zo ina jin kaina.

Da hantsi na fara aikin. Na kashe kuran daga kontar, wato mitar gidan, na hau kan turmin Inna da na kifar, na kwance makunnin da turnabis. Tabɗi! Wanda ya ja wayoyin gidan nan, Allah ya gafarta masa, duka launi ɗaya ya sa. Kuma waya biyu kawai suka sauko wajen makunnin, alhali akwatin yana son waya mai wuta da abokiyarta da ke mayar da kuran. Dole na bi su sama har inda suka haɗu ƙarƙashin azara, na tarar da gidan zanzaro a wurin. Na sauka na mayar da kuran na gwada wace ce mai wuta, na sake kashewa, na sake hawa. Baba yana zaune bakin zaure yana kallona, yana riƙe mini ƙananan kusoshin a tafin hannu.

"Wannan abin," in ji shi, "in kin sa, ni ba ni da sauran aiki ke nan?"

Na ce makunninka yana nan, ba na taɓa shi. Akwatin yana da ramuka biyu na musamman, in na shigar da wayoyin makunni a nan, ka danna ta kama, ni ma na danna daga can ta kama.

"To ke kada ki danna."

Na ce to mene ne amfanin wahalar da nake sha tun safe?

"Oho. Ni dai na gaya miki."

Na ɗaure wayoyin na ja kowacce na ji ta kama, na mayar da kuran. Wani ɗan haske shuɗi ya fara ƙiftawa a jikin akwatin. Aka zo wajen haɗa shi da salula, nan ne na ga ta kaina. Sai ka danne ɗan maɓallin jikinsa har ƙiftawar ta yi sauri, sannan ka sa salula ta neme shi, ka rubuta masa kod, lambar sirri ta wifi. Sau huɗu ina yi yana ƙi. Ashe katangar gidanmu ce, ginin ƙasa na kakanni mai kaurin kamu biyu, rezo, wato siginar wifi ɗin, ba ya iya ratsa ta daga ɗakin Baba. Na yi ta yawo da akwatin wifi a hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ina tsaki, Baba yana dariya har da tari. Daga ƙarshe na rataye shi a ƙusar da yake rataye fatu a cikin zaure. Hasken shuɗin ya daina ƙiftawa ya tsaya cak. Salula ta tambaye ni sunan da zan sa wa abin, na rubuta Fitilar Baba.

Na ce ya danna makunnin. Ya danna. Fitila ta kama a waje, a hannuna kuma hoton ɗan ampul ya juya daga toka-toka zuwa rawaya. Na nuna masa. Ya daɗe yana dubawa, ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa.

"Wato in na kunna kina gani daga Yamai?"

Na ce ina gani.

"To wannan kam ya yi," in ji shi. "Wannan ya yi, Uwata."

Wata biyu bayan na koma, kullum da magariba salula tana gefen sallayata. Sai in ga ampul ɗin ya zama rawaya, in ji wani sanyi a raina. Amma halina bai bar ni ba. Na lura lokacin yana ja baya. Yau minti biyar bayan kiran salla, gobe goma, wata rana har duhu ya shiga. Ina zaune ina ƙirga takunsa, ina ganin sandar, ina ganin dakalin nan biyu da ya fasa masa goshi. Na ce a raina wannan wahala ta isa. A cikin salula akwai wurin da ake sa wa fitila lokaci, har da zaɓin ta riƙa bin faɗuwar ranar garin da take. Na zaɓi Zinder, na zaɓi faɗuwar rana, na taɓa. Ban shawarci kowa ba.

Kwana uku bayan haka ya kira ni, shi da ba ya kira sai an kira shi.

"Uwata, fitilar nan ta fara riga ni."

Na yi dariya, wallahi dariya na yi. Na ce ai hutu na ba ka, ka zauna abinka.

"Ki cire."

Na ce don me?

Ina jin numfashinsa. Can ya ce, "Ki dai cire. Ni nake kunna fitilata."

Na ce to, zan cire. Ban cire ba. Ba mantuwa na yi ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na ce rigimar tsufa ce, in ya kwana biyu zai saba. Bai sake tayar da maganar ba, don Baba ba ya roƙon abu sau biyu, ko a wajen uwarsa.

Ranar da abin ya faru ina gyaran takardun ɗalibai. Aka kira magariba, na ɗaga salula kamar kullum, na ga rawaya, na ce alhamdulillahi, na ci gaba da aikina. Ni da na saita abin da hannuna, ni da na san babu yatsan kowa a ciki, na duba na ji sanyi. Har yau in na tuna wannan sai in ji kamar in mari kaina.

Da safe Baffa ya kira. Ya ce ya shiga bayan sallar asuba ya tarar da Baba kwance a tsakar gida kusa da randa, butarsa a kife, ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi. Tun gabanin magariba yake wurin, ya fito alwala. Salularsa tana ɗaki. Muryarsa ba ta fita, katangar kuwa ita ce wadda ta hana rezo wucewa.

Ban san yadda na yi tafiyar nan ba. Na iso asibiti na tarar da Baffa zaune a baranda, hularsa a gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Sai ya fara ba ni haƙuri, dattijo sa'an ubana yana ba ni haƙuri.

"Ƴata, laifina ne. Na ga fitila ta kama, sai na tafi masallaci."

Na ce Baffa, wace fitila?

Nan ya gaya mini. Tun rasuwar Inna suka yi wannan shiri su biyu, ba su gaya wa kowa ba. Baba ba ya son a riƙa leƙa shi safe da yamma kamar mai jego. Sai suka yanke cewa in rana ta faɗi Baffa zai dubo daga ƙofar gidansa. In fitila ta kama, lafiya lau, kowa ya kwana gidansa. In ba ta kama ba har aka idar da salla, ya tsallako, ko da sallama ko babu. Ya ce sau biyu ya taɓa tsallakowa, duka biyun kuran ne aka ɗauke, suka yi dariya suka sha shayi.

"Jiya kuwa tangaram ta kama," in ji shi. "Ban taɓa ganin ta yi latti ba a ƴan kwanakin nan. Har na ce wa mai ɗakina gwiwar malam ta yi sauƙi."

Baba bai gaya masa na sa mata lokaci ba. Ya ɗauka na cire, tunda na ce zan cire, ko kuwa ya ji nauyin ya ce ƴarsa ta ƙi jin maganarsa. Ban sani ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Na buɗe baki in gaya wa Baffa gaskiya, kuka ya riga ni. Sai da na gama na faɗa masa duka. Ya mayar da hularsa kansa, ya yi ta jan carbi.

Likita ya ce irin wannan ciwo sa'o'in farko su ne komai. Bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

A rana ta biyu bakin Baba ya ɗan saki. Ina zaune ina ba shi kunu da cokali, ya kama hannuna da hannunsa na hagu, hannun da har yanzu yake da kanta ta jan zare. Na sunkuya. Maganar tana fita da ƙyar, a karkace.

"Uwata. Na gan ta."

Na ce me ka gani, Baba?

"Fitilarki. Ta haska ganyen dogon yaro, ta saman katanga." Ya huta. "Kan lokaci ta kama."

Babu faɗa a muryarsa ko kaɗan. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Yana kwance a ƙasa, yana jiran duhu ya kira masa amininsa, sai ya ga hasken ya tashi a kan bishiya, ya san babu mai zuwa. Na ce Baba ka yafe mini. Ya ce, "Ana yafe wa uwa?" Ya so ya yi murmushi, rabin fuskarsa kawai ya amsa. Kwana biyu bayan nan ya cika, da hantsi.

Ranar sadakar uku, maza suna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, na fito zaure in yi wa Baffa ban gajiya kafin su tashi salla. Ina tsaye daga ciki, ƙarƙashin ƙusar da na rataye akwatin wifi. Rana ta faɗi. Na ji ɗan ƙas a saman kaina, ƙarar da ɗan akwatin fitilar yake yi in ya haɗa wuta, lungu ya haskaka. Cikin kwanakin nan duka ban tuna da shi ba.

Baffa ya ɗaga kai ya dubi fitilar. "Alhamdulillahi," in ji shi, da sauri, yadda bakinsa ya saba. Sai ya ji abin da ya faɗa. Ya sunkuyar da kai, ya rufe fuskarsa da hannun riga.

Na ciro salula daga cikin mayafina, na shiga inda na sa lokacin, na cire. Taɓawa biyu ce kawai, ko minti ɗaya ban yi ba.