Wanda Ya Bar Kansa a Ƙaramin Tsari

Surayya na zaune a ofishin inshorar lafiya da ke Jalan Semarak tana jiran layi, idonta a kan mutumin da ke gaban teburin ma'aikaciya. Hularsa ɗinkin Kano ce, ta koɗe. Takunkumin korona ya rufe masa rabin fuska, ƙafarsa ta dama kuwa ta ƙi zama wuri ɗaya. Wataƙila ɗalibin digiri na uku ne da ya taho da iyali.

Ma'aikaciyar tana sake yi masa bayani. A tsari mai araha, sai asibitin da kamfani ya zaɓa, kuma ba ganin ƙwararre sai likitansu ya tura ka. A mai tsada, duk inda kake so.

Wayarsa ta yi ƙara. "Saudatu, yaya numfashin yarinyar?" Ya saurara, ya runtse ido. "Ki ƙara shaƙa mata maganin, ga ni nan."

Ya dubi ma'aikaciyar. "Matata da 'yata, mai tsadar. Ni a bar ni a ƙaramin."

"Boleh," in ji ta da yaren Malay, wato babu damuwa.

Sai tari ya taso masa. Surayya na ganin kafaɗunsa suna rawa, yana danne shi har ya gama sa hannu.