Shekarar Aron Mage

In ka ga dama ka yarda, in ka ga dama ka ce Sani Rediyo ya sake kama tasha. Ni dai na san an kore mu daga gidan marigayi ubanmu da rana tsaka saboda mage. Ba rikicin gona ba ne, ba siyasa ba. Mage, mai cewa miyau. Yi dariyarka yanzu ka gama, don can gaba babu wurin yin ta.

Unguwar tana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal. Ba zan faɗi sunanta ba, kada ta samu ɗaukaka a bakina. Shekarar kuwa ita ce wadda soja suka canja kuɗi, ana layin sabulu kamar ana rabon kujerar Makka. Daminar da ta gabata ta yi mana gwalo ta wuce. Daji ya ƙone ƙurmus, babu kore sai inda ruwan kanal ke bi. Sai ɓerayen ƙasar Kano kaf suka yi shawara, suka ce a tafi wajen masu noman rani.

Ɓeraye fa, ba irin na gidanku ba. Ka kore shi, ya tsaya ya kalle ka, ya yi tsaki. Akwai wanda na gani yana jan buhun shinkafa, biyu na tura masa ta baya. Sun ci alkama tun tana tsaye, sun ci tumatir, sun ci dugadugan masu barci.

Gidanmu ne kawai suka ji tsoro, saboda magunan Inna. Na saba gaya wa mutane guda ɗari ne. Kowacce da sunanta. Akwai Sarkin Yaƙi, baƙin muzuru mai yagaggen kunne. Akwai Hajiya, fara sol, wadda ba ta taɓa yin aikin komai ba sai haihuwa. Kada ka ɗauka ina son su. Gashi a tuwo, fitsari a tabarmata, tsiren da na ɓoye a aljihu ya zama nasu. Ni da yayana Lawan mun sha cewa da mu ma mun zo da jela, da Inna ta fi kula da mu. Shi Yaya Lawan ɗan fari ne, don haka ko sunansa ba ta kamawa. "Wancan" take ce masa. Amma muzuru, har kirari.

Da ɓera ya ishi mutane sai aka fara zuwa aron mage. Inna ba ta karɓar komai. Ƙa'idarta biyu ce. Ka ciyar da ita, kuma ba za ka samu wata ba sai ka dawo da ta hannunka. Ko mai unguwa ne ya aiko, amsar ɗaya ce: "A dawo da wadda aka ɗauka tukuna." Yaya Lawan ne mai kaiwa, a cikin kwandon tumatir, hannunsa duk yakushi.

Ka ce za a gode? Rumbunmu cike, nasu rabi kashin ɓera. Sai ƙus-ƙus ya tashi. Wai me ya sa ɓera ke tsallake gidan Delu, wato Inna? Wai da dare magana take yi da magunan. 'Yan tsaki suka ɓata, maguna. Nono ya zube, maguna. Jaka ta yi ɓari ma sai da aka harari gidanmu.

Maƙwabcinmu Baba Mamuda ya fi kowa alkama, ya kuma fi kowa rowa. Shi ya ari Sarkin Yaƙi. A makon nan na gan shi a kasuwar Kura yana sayen baƙar hodar nan ta kashe ɓera, da bandar kifin da zai kwaɓa ta da shi. Na ce, "Baba, guba a kifi, mage a ɗakin? Ɓeran za ka kashe ko ɗan aikin?" Ya ce, "Tafi can, Rediyo, batirinka bai ƙarewa ne?"

Sarkin Yaƙi bai dawo ba. Inna ta aika, aka ce ya gudu. Ruwan rijiyar unguwa ya soma wari, aka ce zafi ne. Sai amai da gudawa suka kama Ladidi, 'yar autar Mamuda, yarinyar da ko wayo ba ta gama yi ba. Ranar Litinin da yamma ta cika. Ko ruwan ne, ko cutar da ke yawo a shekarar, Allah ne Ya sani. Yaya Lawan na cikin waɗanda suka haƙa kabarinta.

Talata gari ya waye kamar kullum. Inna ta dama koko, ta zuba wa maguna a kasko kafin ta zuba mana. Hajiya na ƙarƙashin gado da sababbin 'ya'ya, idonsu bai buɗe ba. Yaya Lawan na zaure yana wasa lauje, ranar za mu fara yankan alkama. Ni ina neman takalmina, wani ɗan mage ya kwana a ciki.

Da hantsi na ji guga ya faɗi a bakin rijiya. Sai salatin mata. An janyo ruwa da baƙin gashi a ciki. Aka zura mutum da igiya, ya fito da Sarkin Yaƙi a kumbure kamar salka. Kowa ya san abin da ya ci guba ruwa yake nema. Kowa ya sani, amma ranar babu wanda ya tuna. Muryar Mamuda na fara ji.

"Ita ta aiko shi! Ita ta cinye min 'ya!"

Sai ƙafafu. Ban taɓa sanin unguwarmu na da ƙafafu haka ba.

Dutsen farko ya sauka a kan kwanon ɗakin Inna. Na biyu ya fasa randa. Daga nan ba a ƙirgawa. Maguna suka watse, wasu kan danga, wasu cikin rumbu.

"Ku fito da ita!"

"Mayya!"

Na leƙa ta bayan Yaya. Duk na san su. Wanda muke karta da shi. Wanda Inna ta karɓi haihuwarsa. Wanda magenmu ke cikin rumbunsa a daidai wannan lokacin. Kowa da abin hannunsa, fartanya, gora, taɓarya.

Na hau dakali na ɗaga murya. Na ce hoda ce, na ce a kasuwar Kura ya saya, a gabana, ku je ɗakin alkamarsa ku ga kifin. Ka san me suka yi? Dariya. Wallahi a tsakiyar wannan masifa sai da wasu suka yi dariya.

"A rufe wa Rediyo baki!"

Aka rufe shi kuwa. Dutse ya same ni a leɓe, haƙorina na gaba ya tafi. Har yau gurbin na nan, in kana son shaida.

Yaya Lawan ya janyo ni ciki. Ya kalli laujen hannunsa, ya wurga shi bayan ƙofa. Ya tsaya a bakin zaure hannu biyu a buɗe, ya cika ƙofar. Bai juyo ba ya ce, "Fitar da Inna ta baya."

Na ji warin kananzir kafin na ga wuta. Dangar gabas ta kama. Karan dawa ne, busasshe, ƙararsa kamar ana harbi. Rumbu ya ɗauka. Magunan da suka ɓuya ciki suka riƙa fitowa da wuta a jikinsu, samarin da suka keta danga suna bin su da gora. Kukan mage a wuta irin na jariri ne. Ban ƙara komai a kan wannan ba.

Na tarar da Inna rabin jikinta a ƙarƙashin gado.

"Inna, fito!"

"'Ya'yan!"

"Inna, gidan na ci!"

Na ja ta ta ƙafa. Uwata, ta ƙafa, kamar buhu. Ta fito da Hajiya a ƙirji, ta cusa ta cikin zane. 'Ya'yan kam ba ta samu ɗauko su ba. Na sungume ta na goya.

Daga tsakar gida ana hango zaure. Na waiga sau ɗaya. Suna tura Yaya, yana tura su. Sai Mamuda ya ɗaga ƙotar fartanya. Ƙarar ba ta da yawa, kamar kabewa ta faɗo daga kan ɗaki. Yaya ya durƙusa, ya dafa ƙasa.

"Lawan!"

A kunnena ta yi ihun. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar.

Na banke dangar baya da kafaɗa. Muka faɗa gonar alkama. Ta nuna, ta yi jawur, tana jiran lauje. Na bi ta ciki a sunkuye. Inna na dukan bayana tana cewa in sauke ta ta koma. Hajiya na tsakanina da ita, ta kafa farce a gadon bayana. Ban sauke kowa ba.

"Ga su can!"

"Ku tare kanal!"

Na zame cikin ƙaramar magudana, laka har gwiwa. Takalmi ɗaya ya tsaya a can. Muka kwanta cikin ciyawa, na toshe bakin Inna da hannu, ita ta toshe na magen. Ƙafafu suka wuce ta kanmu. Wani ya tsaya yana haki, ya tofar da yawu, ya juya.

Muna nan kwance aka kira azahar. Daga masallacin unguwarmu. Na ji hayaniya ta lafa, na san sun tafi alwala. Da wane ruwa, ban sani ba.

Muka bi gefen babban kanal, rana na dukan ƙeya. Hayaƙi na tashi a bayanmu, baƙi da farko, daga baya fari. A bakin titi muka samu motar tumatir ana lodi. Direban ya kalli bakina, ya kalli tsohuwa ba ɗankwali da kan mage a wuyan riga. Bai tambayi komai ba.

"Ku hau."

A Kura na ajiye ta gidan wani abokin babanmu. Bayan la'asar na koma da 'yan sanda. Unguwa tsit, kowa a ɗaki, kamar an yi shara. Wani tsohon malami ne ya ja Yaya gindin darbejiya, yana kore masa ƙuda da hula. Yana numfashi, amma bai san ni ba. Muka ɗauke shi zuwa asibiti a Kano. Bai kai Juma'a ba.

An yi ta kai-kawo a kotu. Unguwa guda ta rantse ba ta ga komai ba. Wuta ma wai daga murhun Inna ta tashi. Kifin ɗakin Mamuda ya ɓace. Shaida ɗaya ne, ni, kuma sunana Rediyo. Aka sallami kowa.

Muka koma Madobi wajen ƙanin Inna, ɗaki ɗaya, ni a zaure. Alkamarmu ba mu yanke ta ba. Labari ya iske mu cewa bayan tafiyarmu sun bi gida-gida sun kashe duk magen da ta rage, har waɗanda suke hannunsu na aro. Ɓeraye suka yi biki. Suka cinye alkamar, suka cinye irin shuka, suka shiga akwatunan amare. Na ji an ce Mamuda a cikin ɗakin hatsi yake kwana da sanda, suna bi ta kansa. Ban ji tausayi ba. Na Ladidi na ji, shi kaɗai.

Na ce maka ɗari. Tara ne. Ɗaya ta tsira. Ɗaki uku, rumbu ɗaya, haƙori ɗaya. Da Yaya Lawan, wanda matarsa, da ke gidan iyayenta a ranar, ta haihu da damina, aka sa wa yaron sunansa. Shi ma yaron Inna ba ta kiran sunansa.

Bayan kaka, wata ranar Laraba, aka yi sallama. Dattawa biyu ne daga unguwar, Mamuda a bayansu, ya rame kamar sandar rake da aka tsotse. Na so in ɗauko taɓarya, Kawu ya riƙe ni. Aka shimfiɗa musu tabarma. Inna ta fito ta zauna a bakin ƙofa. Hajiya ta sake haihuwa, 'ya'yan na wasa da gefen zanenta.

Suka yi gaisuwa mai tsawo. Suka ce ƙaddara ce, suka ce sharrin Shaiɗan ne, suka ce zaman tare ya fi gaban haka. Duk suna yi idonsu na kan 'yan magunan. Can babban ya yi gyaran murya, ya ce ga shi za a sake shuka alkama, kuma ɓera ya hana su sakat. Ko Inna za ta taimaka da guda ɗaya. Aro kawai.

Mamuda ya ɗago kai, ya ce, "Ko ƙaramar ce, Delu."

Inna ta ɗauki ƙaramar ta ɗora a cinya. Ta daɗe tana shafa ta. Sannan ta kalle shi.

"Ƙa'idata ba ta canja ba, Mamuda. Dawo min da wanda ka ɗauka a ƙofar zaurena tukuna."