Jana'izar Sale Bakanike

Ko a gadon mutuwa nake ba na jin zan manta ranar da aka binne Sale Bakanike a Tirkaniya. Lokacin mulkin soja ne, ina kyaftin, an ɗauko ni daga bariki an kai ni sashen leƙen asiri. Aikina shi ne gano masu fasa bututun mai a wajen Rido.

Sale ne idona a cikinsu. Shi ke gyara musu tankoki, shi ke kawo mini labari. Ga ƙa'idar aikin, ku da kuke sabbin shiga: mai ba ka labari, kai da oganka kaɗai kuka san shi. Ko a kasuwa kuka yi kiciɓis, ba sallama.

Wata safiya bututu ya kama da wuta. Sale na wurin, don mu muka ce ya bi su. Kafin azahar gari ya ɗauka: ɓarawon mai ya ƙone.

Na shiga ofishin ogana, Manjo Bitrus. Na ce, "Oga, mutumin nan namu ne. A bar ni in gaya wa mahaifinsa gaskiya."

Ya ce, "Manyan masu fasa bututun na hannu?"

Na ce a'a.

"To ka faɗa yau, gobe su yanka matarsa da 'ya'yansa. Kai za ka tsare su?"

Wallahi na ji haushinsa, har na ƙi sara masa da zan fita. Amma gaskiya ya faɗa.

Na cire kaki na sa 'yar shara, na tafi. Jana'iza ba ta da gayyata, duk Musulmin da ya zo wucewa yana iya shiga sahu. Sahun ma ko biyu bai cika ba. Maƙwabta suna zaune a bakin shaguna suna kallo, wai ba za su sallaci ɓarawo ba. Haba jama'a! Mutumin da ya sayar da ransa saboda su!

Na sa kafaɗa na ɗauki makara har maƙabarta, ban yarda kowa ya karɓe ni ba. Da aka gama rufe shi, mahaifinsa, wani tsoho, ya riƙo ni.

"Yaro, na ga yadda ka ɗauke shi. Ka san shi ne? Don Allah gaya mini, da gaske ɓarawo na haifa?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Baba, wucewa nake yi."

Ya sake ni, ya ce, "Allah ya yafe masa."

Kafin mu kama manyan, tsohon ya rasu bai ji gaskiya ba.

Yau ina koyar da darasin tsaron ƙasa, ɗalibai na tambayata ko harsashi ne abin tsoro a aikin nan. Nakan ce a'a. Abin tsoro shi ne ranar da kalma ɗaya za ta wanke mutumin kirki, tana bakinka, kuma dole ka haɗiye ta. Wanda ba zai iya ba, ya nemi wata sana'a tun da wuri.