Dutsen da Baba Haruna Yake Nufi

Ina shagona a unguwar Mansur da ke Makka, ina tsakiyar ɗinki, aka bugo waya cewa Baba Haruna ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye almakashi na yi kuka, kuma ba zan ɓoye ba, har da haushi a cikin kukan.

A Makka aka haife shi, iyayensa Sakkwatawa ne da suka zo Hajji suka zauna. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin fasa dutse, inda ake huda wa motoci hanya. Da ya ajiye aiki sai ya ƙirƙiro mana wahala. Duk Asabar bayan La'asar sai ya tattara mu, mu 'yan ci-rani, mu taka a ƙafa daga Jarwal har Mansur. Zai tsaya ya nuna mana baƙin dutse mai farar jijiya, ya ce narkakke ne ya kutsa cikin tsaga ya daskare. Ya nuna inda ambaliya ta goge gefen kwari. Mu kuwa idonmu na kan gahawa, wato wurin shan shayin da ke gaba. Ya san da haka sarai, shi ya sa ba ya bari a zauna sai an amsa tambayarsa. "Ƙafa tukuna, sannan kofi," in ji shi. Shayi ya sha hucewa muna tsaye.

Abu guda ne ya dame shi. An fara yanka dutsen da gidan mahaifinsa yake a kai, za a gina otal. Burinsa ɗansa Faisal, da ke aiki a Jidda, ya zo ya gani kafin a gama da shi. A gabana ya sha kiransa: "Ka zo ka ga dutsenmu tun yana nan." Faisal ya ce, "Ɗayyib, Baba, in sha Allah." Na ce, "Baba, ɗan nan naka Larabci ya fi ji, ka yi masa bayani da Larabci mana." Ya harare ni. "Larabci na waje ne. Ɗana da Hausa zan yi masa magana." Ban taɓa ganin taurin kai irin nasa ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki Faisal ya roƙe ni in kai shi ya ga dutsen. Muka taka, ba mu tsaya a gahawa ko ɗaya ba. Muka tarar da shingen kwano da motocin haƙa, fili ya zama sumul. Sai na ga yana dudduba ƙasa.

"Ya ammi," in ji shi, wato baffa, "ina dutsen? A ina ya ajiye shi?"

"Nan yake tsaye," na ce. "Gidan kakanka can sama yake."

Ya dafe kai. "Jabal? Tsauni guda? Wallahi na ɗauka hajar yake nufi, ɗan dutse irin wanda yake tsinta ya sa a aljihu. Na ce ai ba inda za shi."

Haba Baba! Kalma ɗaya ta Larabci, da ka faɗe ta da ya zo.

Allah Ya jiƙan Baba Haruna, Ya yafe masa, Ya yafe mana mitar da muka yi a bayansa. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Ya sanyaya zuciyar Faisal, wanda har yau yake bugo min waya yana tambayata tsayin dutsen.