Alhajin Zango da Ya Ce Bai Sani Ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Agege, mu uku: ni, da abokin aikina wanda kawunsa ke zaune a Zangon Kwatano, da direban da ya rantse kafin hantsi ya dubi ludayi mun tsallaka iyaka. Bari in fara gaya muku abin da ya fitar da ni daga Legas, kada ku zaci yawon shan iska na tafi.

Shekara biyu ke nan muna aiki a kan wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira. Makiyayi zai kira da wayarsa, ya faɗi abin da ke damun dabbarsa da Hausa, ita kuma ta ba shi shawara. Ga murya mai daɗi, ga amsa tun kafin ka rufe baki. Amma mutum zai kira sau ɗaya, sau biyu, daga nan ba ka ƙara jin ɗuriyarsa. Shugabar ofishinmu ta ce ƙarshen wata za a rufe aikin in ban zo da sabuwar dabara ba, kuma mu biyar ne ke cin abinci a kansa. Mako uku na yi ina zura wa kwamfuta ido, kaina ya bushe ƙarau. Abokina ya ce in zo mu je mu naɗo muryoyin Hausawan Kwatano, ko ba komai na huta da zaman kujera. Na bi shi, amma ba don na yarda tafiyar za ta haifar da wani abu ba.

Rantsuwar direba dai sai ya yi kaffara, domin azahar ta yi mana a Seme, bakin iyaka. Muna tsallakawa hanya ta miƙe sumul, itatuwan kwakwa a jere, iskar teku tana shigowa ta taga, ga masu sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin titi. Da muka shiga Kwatano, daga unguwar Akpakpa muka hau gada, sai ga kasuwar Dantokpa ta bazu a gefen ruwa iyakar ganin ido. Masu babur ɗin haya, waɗanda ake kira zem, duk sanye da riguna ruwan ɗorawa da lamba a baya, sun cika gadar maƙil. Na ga wata mata a bayan zem, kwandon kifi a kanta, jariri a goye, tana amsa waya hankali kwance. Ni da ke cikin mota ni ne na riƙe kujera.

Zango kuwa sai ka ce unguwarmu aka ɗauko aka ajiye a bakin teku: ga masallaci, ga masu tsire, ga raguna a ɗaure. Hausarsu ce ta fi burge ni. Makaranta lakwal ce, ofis biro, kuɗi sefa, kuma in mai zem ya ce maka dala ɗari, sefa ɗari biyar yake nufi. Aka tarbe mu da shinkafa da wake, da miyar tumatir mai yaji, da soyayyen wagashi, wato cukwin Fulanin arewacin ƙasar. Na ci har na ji kunyar kaina, sannan na ƙara.

Kawun abokina, Alhaji, mai masaukin fataken dabbobi ne da ke gangarowa daga Paraku da Malanbil. A Zangon nan aka haifi kakansa. Ya ce ya gaji zauren ne a shekarun da ƙasar ta koma zaɓe, kuma tun daga lokacin bai taɓa fashin jefa ƙuri'a ba, ko da yake har yau babu ɗan takarar da ya san farashin rago. Kwana biyu na yi a zaurensa ina naɗar murya, ina kallon yadda ake zuwa masa da tambaya: wace mota ce za ta tashi gobe, wane biro ake yin takardar dabbobi, wane mahauci ne ba ya saɓa magana. Yana amsawa yana jan carbi, ko ɗaga kai ba ya yi. Na ce a raina, wannan tsoho ya fi manhajarmu sauri.

Da safiyar kwana na uku wani baƙonsa ya shigo a firgice. Raguna uku cikin waɗanda ya kawo sun ƙi cin abinci, ciki ya kumbura, miyau na dalala. Muka bi shi garke. Ni da rawar kaina na koma gefe na faɗa wa manhaja alamomin, nan take ta ambaci sunan magani, babu ko inda-inda. Ina shirin buɗe baki in burge jama'a, sai na ga Alhaji ya tsuguna, ya buɗe bakin rago, ya danna cikinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ba nawa ba ne," in ji shi. "Ban san shi ba. Tashi mu je."

Na ce, "Baba, rana ta yi zafi. Ai kwatance ya isa, ko ka ba shi lambar waya."

Ya ce, "Ɗana, a gidan nan ba ma nuna wa baƙo hanya da yatsa. Mutumin nan ba ya jin Faransanci. In na ce je ka, zai je ya tsaya a bakin ƙofa, ya dawo ya ce bai samu kowa ba, ragunan su mutu."

Tsoho mai ciwon gwiwa ya hau zem, muka bi shi har kusa da kasuwar Saint-Michel, wurin wata likitar dabbobi 'yar ƙabilar Fon. Ya tura mutumin gaba ya ce, "Madam, ga baƙona." Bai tafi ba. Ya tsaya yana fassara, yana kasa kunne kamar ɗalibi. Ta zo garken da kanta, ta gano ruɓaɓɓen abinci suka ci a hanya. Na nuna mata sunan maganin da ke wayata, ta ce na tsutsar ciki ne, ba abin da zai yi musu. Kunya ta rufe ni, kuma ban ɓoye wa abokina ba.

Da la'asar, ragunan sun fara tuƙa, na tambayi Alhaji ko faɗin "ban sani ba" a gaban baƙi ba ya rage masa girma. Ya dube ni da mamaki. Ya ce mutumin da ya ji wannan kalma daga bakinsa yau, gobe in ya ce masa ya sani, ba zai nemi jin ta bakin kowa ba. Nan na gane abin da muka yi wa kanmu. Mu da hannunmu muka horar da manhajar kada ta taɓa yin shiru, muka ɗauki rashin amsa a matsayin gazawa. Makiyayi kuwa ya san dabbarsa. Da ya kama ta da ƙarya sau ɗaya, ya gama da ita. Na cika shafi shida na littafina a zauren nan kafin a kira magariba.

Washegari muka leƙa Dantokpa na sayi atamfa biyu, na ɓata sau uku, sannan muka kama hanyar gida. Ranar Litinin na tsaya gaban shugabarmu na ce manhaja za ta koyi gane iyakarta, in ta kai nan ta faɗa, ta haɗa mai kira da malamin dabbobi na gaske, ta tsaya a layin har a gama. Ta ce, "Wato shekara biyu kana koya mata magana, yanzu za ka koya mata ta ce ba ta sani ba?" Na ce ƙwarai kuwa. A ƙarshe dai ta ba mu wata uku.

Abin da na koyo shi ne dabarar da na rasa a gaban kwamfuta tana wurin mutanen da suka daɗe suna amsa tambayoyin jama'a tun ba a haife mu ba. Makon jiya na saurari kiran gwaji na farko. Wata dattijuwa ce daga ƙauye, akuyarta ta kasa tashi. Manhaja ta ce, "Inna, wannan ban san shi ba, bari in haɗa ki da wanda ya sani." Na kasa kunne ina jiran in ji dattijuwar ta kashe waya. Sai na ji ta gyara murya ta ce, "To, 'yar nan, ina jira."